Shekarar da Kwanakinta Suka Yi Yawa

Har yau idan mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Pumpumre, sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne. Inna takan ce in daina, abin ya wuce. Ni dai cikin masu ikon faɗa ba wanda ya taɓa ce mini ya wuce.

Bayan na gama sakandare aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin ofis da ke lura da ruwan Binuwai a nan Garwa ta Kamaru. Akwai masu duba ma'auni a bakin kogi, kullum su rubuto inda ruwa ya kai. Aikina in zauna gaban wani inji mai kama da tafireta, in buga lambobin, shi kuma ya huda kati. Kati ɗaya, rana ɗaya. Idan akwati ya cika, a sa shi a jirgi zuwa Yawunde, inda babbar kwamfuta take.

Ranar da na fara, shugaban ofishin, wanda muke kira Shef, ya ja mini kunne. Ya ce katin farko kaɗai ke ɗauke da kwanan wata. Kwamfuta ba ta san Litinin ba, ba ta san damina ba. Ta karanta kati ta ce yau ke nan, ta karanta na bayansa ta ce gobe, haka har akwati ya ƙare, sannan ta rubuta duka a faifan da injiniyoyin madatsar ruwan da ake ginawa sama da gari suke aiki da shi.

"Ko ranar da ba a duba ruwa ba, madmazel, sai kin huda mata katinta. Kada ki rage, kada ki ƙara." Madmazel yake kirana, wato 'yan mata da Faransanci.

Ban rage ba, ban ƙara ba. Idan yatsana ya kuskure, in zare katin in jefa a kwandon shara da ke ƙarƙashin teburina, in huda sabo.

Wata safiya aka kira ni ɗakin Shef. Na tarar da shi tsaye, wani baƙo kuma zaune a kujerarsa. Ba a faɗi sunan baƙon ba, ba a faɗi inda ya fito ba, kuma irin waɗannan mutanen gwamnati ba a tambaya. Ya fara da Faransanci, ya koma Fillanci, sannan ya sauka kan Hausa tsaf irin ta cikin gidanmu.

"'Yan mata, a makarantarku an koya muku kwanakin shekara?"

Na ce an koya mana.

"To, taki shekarar ta fi ta kowa tsawo."

Ya warware doguwar takardar da kwamfuta ta buga. Shekara ta ƙare, amma kwanaki suna ta zuwa. Cikar kogi kuma, wadda kowa ya gani da idonsa a tsakiyar damina, ta zame ta koma lokacin da aka gama yankan dawa. Ya ce an cusa katunan da ba su da rana cikin akwatina, kuma mai son ɓata lissafin madatsa ne zai yi haka.

"Kakanninku daga Kano suka zo, ko? Kawun nan naki mai kai kaya Yola, yana tambayarki labarin ruwa?"

Na ce kawu ba ya tambayar komai sai lafiyar Inna. Ya yi murmushi, ya ce kada in bar gari, zai dawo bayan Juma'a.

Daga ranar ofis ya sauya mini. Akwai abokin aikina mai ɗaure akwatuna, Kirista ne daga kan duwatsu, wanda kullum yake tsokanata, "Hajiya mai huda, yau ba ƙosai?" Sai na tuna ya taɓa cewa ƙanwarsa ma ta iya tafireta, tana neman aiki. Na fara bin hannunsa da ido. Shi ma ya daina tsokanar, yana cin abincinsa a waje, idan na wuce ya rufe abin da yake yi. Shef ya fara kulle aljihun teburinsa. A gida maƙwabciya ta shigo aron rariya, na kama kaina ina tunanin wa ya aiko ta. Inna ta aika wa kawu kada ya zo mana kwana biyu.

Na ce a raina ko ma wane ne, a bayan idona yake taɓa akwatin. Ranar Alhamis na yi sallar asuba na fito, na riga kowa zuwa. Na bar sabon akwati a buɗe a kan tebur yadda na saba, na raɓe bayan kabad. Abokin aikin nan nake jira.

Wanda ya shigo shi ne Baba mai shara, tsoho ne da ya riga Shef ma fara aiki a ofishin. Ya share ɗaki yana 'yan addu'o'insa. Da ya zo kan kwandona sai ya tsuguna, ya tsince katunan da na zubar jiya daga cikin ɓawon gyaɗa, ya hure su, ya goge a rigarsa. Ya yi bisimilla, ya cusa su a tsakiyar akwatin, ya danna da tafin hannu har suka daidaita da sauran.

"Baba! Me kake yi?"

"Au, 'yata, kin yi sammako. Takardunki ne. Kullum kina zubar da su cikin datti, ba kyau."

"Tun yaushe kake mayar da su?"

"Tun da kika zo mana. Na so in yi miki magana, na ga yarinyar boko ce, kada ki ji kunya."

Na zauna a ƙasa daɓas. Na ji sanyi a raina, sai kuma wani sabon tsoro ya taso: idan na faɗa, wannan tsohon ne zai tsaya gaban baƙon. Na yi masa bayani yadda zan iya. Ya saurara, ya jingina tsintsiyarsa, ya ce, "Ashe wahala na jawo miki. In ya zo, ki kira ni. Da bakina zan faɗa."

Baƙon ya dawo kamar yadda ya ce. Baba ya nuna masa komai, har yadda yake hure ƙura.

"Wa ya sa ka, tsoho?"

"Ba wanda ya sa ni, ranka ya daɗe. Tun muna yara aka hana mu barin takarda mai rubutu a ƙasa. Ba a san wadda ke da sunan Allah ba."

Baƙon ya ɗauki ɗaya daga cikin katunan kuskuren, ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallon hujojin.

"Ina sunan Allah a nan?"

"Ni na iya karatun huji? Tunda ban sani ba, yaya zan bar shi a datti?"

Dariya ta kufce wa abokin aikina, ya haɗiye ta da tari. Baƙon bai yi dariya ba. Ya tambayi Baba masallacin da yake salla, da wanda ya kawo shi aikin, da ko ya san kawuna. Sannan ya sa katin a aljihun gaban rigarsa, ya juyo gare ni.

"Tsoho ne ya cusa. Amma ke kika huda."

Ya fita, muka ji tashin motarsa.

Ba a kore ni ba, ba a kori Baba ba. Shef ya sa na sake huda shekarar tun daga farko. Yanzu idan na gama aikin yini, abokin aikina yakan ja jan layi a karkace a kan bakin katunan, don baƙon kati ya fito fili idan ya shiga. Ya dawo da kirana Hajiya mai huda, ni ce dai na kasa haɗa ido da shi sosai. Katunan kuskure kuwa a hannu nake ba Baba, yana tara su a wani gwangwani a saman kabad.

Guda ɗaya ne ba ya cikin gwangwanin. Ban ga lambar da ke jikinsa ba kafin ya shiga aljihun mutumin nan, ban san kuskuren wace rana ba ne, kuma ban san abin da za a ce yana nufi ba ranar da aka ga dama a fito da shi.