Ƙwai a Aljihun Likita

Har gobe ban manta da wata Talata da na yi a wani ƙaramin asibiti a wajen Yangoji ba, shekarun da farar hula suka dawo mulki, Abuja na ta tsirar benaye, mu kuma muna fama da sikeli ɗaya. Ƙaramin jami'in lafiya ne ni a lokacin, amma a ƙauye duk mai farar riga likita ne, ni kuwa ban taɓa yi wa kowa gyara ba.

Talata ce ranar awon jarirai. A auna yaro, a rubuta a kati, sannan a tara iyaye a gindin mangwaro a nuna musu abincin da ake fara ba yaro idan ya cika wata shida. Nono ya ci gaba, a ƙara da kunu mai kauri wanda ba ya tsiyaya daga cokali, a sa garin gyaɗa ko na waken soya, ɗan manja, da dafaffen ƙwai a murƙushe. A fara da cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa.

Damuwarmu ran nan Dauda ne, ɗan wata takwas. Wata biyu nauyinsa bai motsa ba. Kunun da ake ba shi, in ka leƙa kofin sai ka ga fuskarka har da gashin baki. Uwarsa ta yarda da duk abin da muka faɗa, amma tukunya da kajin gidan suna hannun kakarsa, Mama Ladi, ita kuwa ta ce ba a ba yaro ƙwai, ɓarawo yake zama. Shugabarmu, Sista Rifkatu, ta ja ni gefe ta ce in tsohuwar nan ta koma gida da ra'ayinta, wata mai zuwa sai dai mu tura yaron babban asibiti. Ta ce tunda Allah ya hore mini baki, yau in yi aiki da shi.

Na fito tun da sassafe, cikina ba ko ruwan shayi. Sista ta dafa ƙwai shida na darasi, ta aike ni in kwaso. Da na buɗe tukunya, ni dai ban san yadda aka yi ba, guda ɗaya ya tsinci kansa a aljihun wandona. Da zafinsa.

Na tsaya gaban mata na fara zuba. Na ce su dube ni da kyau, tun ina wata shida uwata ke ba ni ƙwai safe da yamma, har kajin unguwarmu na ɓuya in sun hango ni, amma ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Ina magana ina canza ƙafa saboda cinyata na dahuwa, su kuma sun ɗauka salon koyarwa ne.

Sai aka zo nuna yadda ake ciyarwa: ba a kwantar da yaro a yi masa ɗura, zaunar da shi ake yi a cinya. Na karɓi Dauda na ɗora shi. Sai ji aka yi ƙurus.

Sista ta dubi kwanon ƙwai, ta ga saura biyar, ta dube ni. Mama Ladi ta taso da kanta, ta zura hannu a aljihuna, ta zaro ƙwai ya baje kamar waina. Ta ɗaga shi kowa ya gani, ta ce da irin Hausarta, "Likita, kai ta ci ƙwai tun ƙarami, ga shi kai ta sata. Ni na faɗa."

Ta karɓi jikanta, ta fara gyara zani za ta tafi. Ƙarya ta ƙare mini, sai na gwada gaskiya. Na ce, "Mama, ƙarya na yi. Uwata ma irinki ce, hana ni ta yi. Ban san ɗanɗanon ƙwai ba sai da na fara aski da kaina."

Ta tsaya ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. Ta tambayi shekaruna, na faɗa mata, ta girgiza kai.

"An hana ka, ka girma, ka sata," in ji ta. "To gara a ba wannan yanzu ta ƙoshi, kada ta girma ta ba mu kunya a asibiti."

Ta zauna, ta ɓare wani ƙwan da hannunta, ta murƙushe a kunu. Cokalin farko Dauda ya fesa mini a farar riga. Na biyu ya haɗiye, ya buɗe baki yana jiran na uku. Da aka dawo awo na gaba, sikeli ya motsa.

Sista ba ta kai ƙarata sama ba, amma ta kafa doka: kada a ƙara barina da tukunya ni kaɗai.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku nemi mai riƙe da tukunya a gidan, ita za ku koya wa darasin, ba wadda ta goyo yaron kawai ba. Kuma mutanen nan sun fi yarda da wanda suka ga asirinsa a kan mai wankakkiyar riga. Har na bar garin ba wanda ya ƙara ce mini Likita. In yaro ya ƙi cin abinci, cewa ake a kai shi wurin ɓarawon ƙwai, kuma layina ya fi na Sista tsawo.