Bishiyar Lemo a Cikin Baro

Kafin gari ya waye Baba Mai Guga ya riga ya hura gawayi, ya ɗauki ruwan ɗaurayar ƙarshe na jiya, wanda babu sabulu a cikinsa, ya kai gindin bishiyar lemon tsamin da ke ƙofar shagonsa. Haka yake yi tun tana 'yar tsiro. Irinta daga tsakar gidan mahaifiyarsa ya fito, inda takan shanya wanki har tufafi su ɗauki ƙamshin fure. Gidan an daɗe da sayar da shi.

Shi kam hancinsa ya mutu. Hayaƙin gawayi ya gama da shi, ko riga ce ke ƙuna sai ya gani da ido. In fure ya fito, matarsa yake tambaya ko ya yi ƙamshi.

Sai wanda ya ba shi hayar shagon ya ce zai zuba siminti a ƙofa, a sare bishiyar. Baba bai roƙe shi ba, shi ba gwanin baki ba ne. Ya ari diga da baro, ya rage mata rassa, ya haƙo ta da ƙasarta, ya tura ta bayan shago kusa da famfo. Bayansa ya riƙe, ya yi kwanaki yana guga a zaune.

Ganye ya zube tas.

"Malam, sanda kake ba wa ruwa," in ji matarsa. "Bar min in yi girki da ita."

"Ke ma da na auro ki haka kike, a bushe."

"Ni wa ya taɓa bi na da bokiti kullum?"

Bai daina ba. Yakan kankare ɓawon da farce, ya ga kore, ya koma kan guga. Damina ta wuce da 'yan ganye, babu fure. Da shekara ta zagayo, wata safiya matarsa ta kawo masa abinci, sai ta tsaya a bayan shago ba ta ƙaraso ba.

"Furen ya yi ƙamshi?" ya tambaye ta daga ciki.

"Ya yi. Kamar ranar da ka fara kai ni gaida Inna, muka tarar tana shanya."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ninke wando.

Ganin ƙarshe da na yi masa, ranar da na kai masa wanki, ya kwance igiyar shanya ya matsar da ita jikin bishiyar, yana baza fararen riguna a kai.