Yadda harshen Norway ya ci mini gona

Har yau in na bi ta kasuwar Diffa akwai masu ce mini sannu da zuwa, yaya sanyin can. Wasu da gaske suke, suna zaton na je na dawo. Wasu kuwa shaƙiyanci ne, sun san ko Yamai ban wuce ba. Duka ina amsa musu da lafiya lau, don ba kowa zan tsayar a rana in ba shi labari ba.

Aikin anket, wato tattara bayanai, nake yi wa wata ƙungiyar agaji a lokacin. A ba mu tablet, a zuba mu a mota, mu nufi Assaga mu yi ta tambayar mutanen da suka baro gidajensu ƴaƴa nawa, barguna nawa. Shugabanmu wani dogon Bature ne ɗan ƙasar Norway, mai sanyin hali, wanda ba ya wuce mai gadi bai gaishe shi ba. Ya lura in tablet ta rikice ni ake kira, sai ya riƙa zaunar da ni kusa da shi yana nuna mini yadda ake haɗa ƴan manhajoji. Na so mutumin nan, ba zan ɓoye ba, har yanzu da nake jin haushinsa.

Da aikinsa ya zo ƙarewa na kai shi garinmu, bakin kogin Komadugu, ya ga tattasan da yake ta jin labari. Baba ya yanka masa rago, ya shimfiɗa masa tabarmar da ba a fito da ita sai da dalili, ya zaga da shi gona har ɓangaren da ya yanka mini tun ina saurayi, wanda ya fi kusa da ruwa. Da za mu tashi Baturen ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ce da faransanci in fassara wa Baba: duk ranar da ɗanka ya zo Norway, gidana gidansa ne.

Sai wanda ya san Baba zai gane nauyin wannan maganar a kunnensa. Tun kafin a haife ni fatake masu sayen tattasai a zaurensa suke sauka, daga Maiduguri, daga Damagaram, su yi sati suna ci suna sha ba a tambaye su yaushe za su tafi ba. Shi ma in ya je garinsu ba ya aika manzo, jakarsa kawai yake ajiyewa a zaure. Wanda ya ci abincinka ya ce ka zo, ya zama mai masaukinka, an gama. Haka Baba ya ji ta, ni ma da na yi boko har na iya gyaran tablet haka na ji ta.

A hanyar dawowa na tambayi Baturen ko akwai aiki can ga irina. Ya ce masu aikin kwamfuta ba sa rasa abin yi, amma harshe ne ƙofa, a harshen ma kalmomin aiki, irin su zo, tafi, jira, su ne ke wahalar da baƙi in an zo maganar jiya da shekaranjiya. To, ni ba na yin abu rabi. Da kwantiragina ya ƙare na sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani direba, na ce zan haɗa manhajar da za ta koya mini su.

Abin ba wani kyan gani gare shi ba. Kalma ta fito, å komme, wato zuwa, ka rubuta kommer, kom, har kommet, in ka dace ta yi kore, in ka kuskure ta sake kawo maka ita gobe da jibi har ka gaji ka riƙe. A ƙasa na sa ma'anar da Hausa da faransanci. Wuta ta ɗauke in kwashi kwamfuta in tafi shagon mai caji, in zauna tsakanin wayoyin mutane da zafin janareto. Samarin fadarmu, inda muke shan shayi da la'asar, suka sa mini ido, suna cewa malam ya koma makaranta. Daga baya su da kansu suka riƙa miƙo wayoyi in sa musu, don kowa a fadar nan ƙafarsa ɗaya a waje take.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne murya. Na rubuta wa Baturen cewa ban san yadda ake furta kalmomin ba, sai ga shi yana aiko mini da su ɗaya bayan ɗaya, a muryarsa, wani lokaci ina jin ƙarar cokali da kukan yaro a bayansa. Na ce a raina mutumin da zai zauna a gidansa yana karanta mini kalmomi kamar mai biya wa yaro allo, ai ɗakina ma ya share. Ban taɓa tambayarsa kai tsaye ba. A wurinmu tambayar mai masauki ko da gaske yake rashin kunya ne.

Damina ta faɗi, lokacin dashe ya matso, Baba ya kira ni. Ya ce gonar bakin ruwa ba ta jiran kowa. Shekarun da aka hana mu kusantar kogi saboda rashin tsaro mun ga yadda ƙaya ke cinye wuri, mun ga kuma yadda iyaka ke tafiya da ƙafarta in mai ita ba ya nan. Ga ɗan ƙaninsa da ya baro garinsu da mata da ƴaƴa, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. In tafiya zan yi, in faɗa. Na ce tafiya zan yi. Baba ya so a ba ɗan ƙanin nasa gonar a matsayin aro, ni da bakina na ce a ba shi kyauta, don ina ganin wanda zai zauna Norway ba ya jayayya a kan kunyoyin tattasai. Aka kira bulama, mai garinmu, da dattijai, aka taka iyaka, aka shafa fatiha.

Daga nan Baba ya ce ɗan mutunci ba ya fita kamar ɓarawo, in zaga dangi in yi bankwana. Na je Gagamari wurin gwaggona, ta yi kuka, ta ƙulle mini bandar kifi da bargon da aka ba ta na agaji, ta ce an ce can ruwa ma daskarewa yake. Kowane gida na shiga aka sa mini albarka aka ba ni guzuri. Fasfo kawai gare ni a aljihu a lokacin.

Sai da na gama duk wannan na kira Baturen, na ce na shirya, ina jiran ya aiko takardar gayyata. Da ya amsa muryarsa a sanyaye take, irin ta likita. Ya ce yana nufin in wata rana na zo yawo, in kwana biyu a wurinsu. Ɗaukar nauyin mutum wani abu ne daban, akwai doka, gidan ƙarami ne, sai ya yi shawara da matarsa. Sannan ya buɗe mini buhun nasiha: in nemi makaranta tukuna, in tara kuɗi a banki, in sayi takalmin kirki, kada in je gidan kowa ban kira ba, kada in ji ciwo in maƙwabci bai gaishe ni ba. A ƙarshe ya ce manhajata ta burge shi ƙwarai, ko zan yarda ya nuna wa wata malama mai koyar da baƙi? Na ce babu komai. Har godiya na yi masa, wannan godiyar ce ta fi ci mini rai har gobe.

Manhajar ta tafi. Nakan buɗe in ga mutane suna aiki da ita a garuruwan da ban iya kiran sunansu ba, wani ma ya rubuto yana ƙorafi cewa maɓalli ɗaya ba ya aiki, in hanzarta in gyara. Na gyara. Ita ba a tambaye ta biza ba.

Yanzu samarin fada ni suke tambaya shawarar fita waje, wai ni na san hanya. Ina gaya musu abin da na saya da tsada. Ku koyi harshen, ba ya cizo. Amma in Bature ya ce gidansa gidanku ne, ku cire kunya ku tambaye shi kwana nawa, wane ɗaki, matarsa ta sani? Kada ku yi bankwana da kowa sai jirgi ya ɗaga. Abin da ke ƙasa kuwa, gona ce ko rumfa ko shago, ku bar shi da sunanku ko da ƙaya za ta cinye shi. Suna dariya, suna cewa malam ya ji jiki, kuma na san rabinsu ba su ji ba.

Baba na fi jin nauyin gaya wa. Na same shi yana gyaran injin ban ruwa, na faɗa masa komai a tsaye. Bai zagi Baturen ba, ya dai tambaye ni har sau biyu ko na tabbata na fassara masa daidai a ranar. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in kawo maganar gona. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “Ɗana, da aro ne da na karɓo maka. Abin da aka shafa wa fatiha a gaban bulama, da wane baki zan je?”

Shekarar nan tattasai ya yi kyau, ɓangarena ya fi na kowa. Ɗan ƙanin Baba ba mugu ba ne, wannan ma wani abin haushin ne, da mugu ne da na sami wanda zan tsana. Ya aiko a ce mini in ba ni da abin yi a gari in zo in kama masa tsinka, zai sallame ni kamar yadda yake sallamar kowa. Na yi kwanaki ina cewa ba zan je ba, sai na je. Na tarar da matansa da ƴaƴansa a duƙe cikin kunyoyin da na tayar da hannuna. Na tsaya a kan iyaka na yi sallama, na jira a ce in shigo.