Sawun Kaza a Kan Cakulan

Shekarar da soja suka koma bariki, ni kuma masaƙar Kakuri ta koro ni gida. Kowa a Barnawa yana murnar an samu mulkin farar hula, ni ina zaune a ƙofar ɗaki da 'ya'ya uku da tsohon da ba ya gani, ina tunanin abin da zan ɗora a wuta. Tsohon mahaifina ne. Ya ƙare ƙarfinsa a noman citta can wajen Kachia, da yanar ido ta rufe masa gani na je na ɗauko shi, yana faɗa ina faɗa har muka iso Kaduna. Taurin kaina a wurinsa na gada, duk da ba ya son a faɗa.

Direbobin da ke kai citta Legas su suka fara kawo mini garin koko, irin wanda ake yin cakulan da shi. Na dinga haɗa shi da suga da madarar gari da ɗan citta, ina dafawa har ya yi tauri yadda rana ba za ta narkar da shi a tiren 'yan talla ba. Na ƙona tukwane kafin na iya. Da ya yi daɗin da zan iya kallon mutum a ido in karɓi kuɗinsa, sai na ga ba zan fitar da shi tsirara ba, yana bukatar alama.

A garinmu kowane gida yana da alamar da yake zanawa a buhun citta, don kada kaya su cakuɗe a mota. Ta gidanmu sawun kaza ce, yatsu uku a cikin da'ira. Kakana ya bar wa Baba, Baba kuma bai samu wanda zai bar wa ba, domin yayyena duk sun gudu daga gona. Wannan abu yana cinsa fiye da makantar. Na sa aka sassaƙa mini hatimin roba, na buga a takardar naɗi, na miƙa masa na ce ga alamar gidanmu ta dawo kasuwa. Ya shafa takardar gaba da baya, bai ji komai ba sai santsi. Ya ce tunda na faɗa, ya yarda.

Kaya suka karɓu. Matan da ke talla a bakin titin Gonin Gora suka ce fasinjojin Abuja na leƙo kai ta taga suna cewa a ba su mai ƙafar kaza. Shagunan Barnawa da Mahuta suka fara aiko mini a kai musu kwali.

Wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani mutum ya fito da kwat a cikin wannan zafin, ɗan sanda na bin sa. Ya ce shi lauyan wani babban kamfanin cakulan ne na Legas. Ya zaro takardar naɗinsu ya ajiye kusa da tawa: ganye uku a cikin da'ira. Ya yi mini bayani a tsanake, kamar mai magana da kurma, cewa tambarinsu na da rajista a wurin gwamnati, nawa kwaikwayo ne, kuma zai kwashe kwalayen da ke baranda a matsayin shaida.

A zamanin soja na sha ganin yadda ake kwashe kayan mata a bakin hanya da bulala, ba mai cewa uffan. Amma rediyo ta yi wata da watanni tana cika mana kunne cewa yanzu doka ce ke aiki, sai na ce bari in gwada in gani ko gaskiya ne. Na je na zauna daram a kan kwalin sama.

"Oga, ina takardar alƙali?"

"Madam, kada ki wahalar da kanki."

"Na saba da wahala. In babu takardar alƙali, sai dai ku ɗauke shi da ni a kai."

Ɗan sandan ya dube ni, ya dubi girman jikina, ya mayar da idonsa kan bishiyar mangwaro. Suka tafi, lauyan yana cewa sai mun haɗu a kotu.

Akwai wani lauya da muke coci ɗaya, na kai masa maganar ina jiran ya ce mu je mu ci su. Ya jera takardun naɗin biyu a tebur ya daɗe yana kallo. Ya ce in tawada ta ɗan baje, ƙafar kazata da ganyensu ba su da maraba a idon wanda ke cikin mota. Na ce alamarmu ta girmi kamfanin. Ya ce a buhun citta, ba a kan cakulan ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata rajista. Na tambaye shi wa zai yi wa kakana rajista, alhali duk kasuwar Kachia ta san buhunsa tun daga nesa. Ya ce kasuwa ba ta zuwa kotu. Ya ce mai yiwuwa in yi nasara, amma kamfanin na iya jan shari'ar har in sayar da tukunyar da nake dafawa. Na fita ban yi masa sallama ba.

Na ci gaba da buga hatimina, har da ƙara tawada don haushi. Ba kotu ce ta karya ni ba, masu shago ne. Dillalan kamfanin suka bi su ɗaya bayan ɗaya cewa duk wanda aka ga kayana a kantarsa ba za a ƙara sauke masa nasu ba. Kwalaye suka fara dawowa. Na koma wurin lauyanmu, ya shirya sulhu: in cire alamar daga takardar naɗi da kwali, su janye ƙarar da suka shigar. Na sa hannu. A cikin bas na yi kuka har gida, kukan baƙin ciki, mutane na tsammanin rasuwa aka yi mini.

Na zauna a gaban Baba na gaya masa komai. Na ɗauka zai yi shiru irin shirun da na fi tsoro. Sai ya tambaye ni me ainihi aka hana. Na ce takarda da kwali. Ya yi dariya har da tari.

"Ke ba ki taɓa raka ni kasuwa ba, shi ya sa. Yaran mota kan sauya buhu a hanya. Don haka kafin mu ɗinke baki, sai mu ƙona alamar a ɗan sakaina mu tura ta tsakiyar citta. In rigima ta tashi, a zazzage buhu a gani."

Washegari na haye gada zuwa Panteka, wurin masu zubin tukwanen dalma. Na zana musu sawun kaza a ƙasa da yatsana, na ce su zuba mini faranti mai gurbi-gurbi, kowane gurbi da alamar a gindinsa, yadda in cakulan ya daskare zai fito da ita a jikinsa. Da na nuna wa lauyanmu ya dafe kai. Ya ce gaskiya ne yarjejeniyar takarda da kwali kawai ta ambata, amma babu abin da zai hana su kawo sabuwar ƙara. Na ce su zo. Kwalin zama ba ya ƙare mini a baranda.

Da cakulan zubin farko ya daskare, na ɓamɓaro guda na sa a tafin hannun Baba. Ya juya shi, babban yatsansa ya faɗa cikin da'irar ya tsaya. Na ga ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya bi na uku, ya sake komawa. Tun da idonsa ya tafi bai ƙara haɗuwa da wannan alamar ba sai ranar. Na tsaya ina jiran albarka.

"Yatsan tsakiya ya yi gajere," in ji shi. "Wace irin kaza kika taɓa gani haka?"

Haushi ya kama ni, amma na ɗauki farantin na sake haye gada, na tsaya a kan maƙerin har ya narkar da shi ya zuba sabo. Na kawo zubi na biyu. Baba ya shafa, ya daɗe yana shafawa har cakulan ya fara narkewa a hannunsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa zaƙi na yara ne ya kai baki ya cinye, ya lashe yatsa, ya ce in ba shi wani.

Da yamma na naɗe sauran a farar takarda wadda babu ko ɗigon tawada a jikinta, na ɗora kwali a ka, na bi ta gaban shagunan da suka dawo mini da kaya, na nufi bakin titi in hau motar Gonin Gora.