Kunnen Zomo, Wanda Ya Maido Da Hajiya Falo

Kafin ƙarfe takwas na safe ya riga ya buɗe shago. Ba ya taɓa komai sai ya goge teburin aiki, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, ya rataya tef ɗin awo a wuya. Daga nan ya bi lasifikun da ke kan kanta ɗaya bayan ɗaya, ya kunna, ya karkata kai, ya lumshe ido. Shekara talatin da takwas ke nan haka safiyarsa take. Kunnen Zomo mutanen layin suke ce masa, tun ranar da ya tsayar da wani mai babur ya ce, "Akwai notin da ya kwance a tayarka ta baya." Aka duba, aka tarar haka ne. A gaban idonsa kuwa Baba Injiniya ne, ko da yake shi yakan ce bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, sai fa ranar da suka kira shi gyaran lasifikarsu.

Aikinsa shi ne zaɓar wa mutane kayan sautin falo, irin waɗanda ake zagaye ɗaki da su don in ana kallon fim a ji kamar a cikinsa ake zaune. Shi zai zaɓa, shi zai je ya haɗa, in sun lalace shi zai gyara. Sana'a ce marar godiya. In sauti ya yi daɗi a yabi kamfani, in ya ɓaci a nemo mai haɗawa.

Telan da ke jikin shagonsa ya fi kowa sanin halinsa. "Ban taɓa ganin mai shago irinsa ba," in ji shi. "Ciniki na binsa yana gudu." Mutum zai shigo ya nuna mafi girman kaya, maimakon a naɗe masa sai tambayoyi su biyo baya. Falon taku nawa ne? Tayil ne a ƙasa ko kafet? Akwai labule? Bango ɗaya kuke da maƙwabta? Akwai jariri a gidan? Wani mai ɗan ƙaramin falo ya taɓa kafewa sai lasifika bakwai da manya biyu masu gurnani. Baba Injiniya ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a saka giwa a akurki." Uku ya haɗa masa, kuma har yau mutumin yana aiko masa da abokansa.

Amma aikin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na gidan wata nas. Ta zo masa ne daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Hajiya, ciwon suga ya tafi da idanunta shekara biyu da suka wuce. A da ita ce shugabar kallo a gidan. Duk ranar hutu takan zauna a tsakiyar jikoki tana yi wa mugun cikin fim faɗa kamar yana jinta. Tun da ido ya tafi ta koma ɗaki. In an kira ta sai ta ce, "Me zan kalla? Ku yi abinku." An ƙure mata ƙarar talabijin, ta ce hayaniya kawai take ji. Magana ta ragu, cin abinci ma ya ragu.

"Baba, ba ni mafi ƙarfin da kake da shi," in ji nas ɗin.

"Kunnenta lafiya?"

"Ƙalau. Ko allura ta faɗi sai ta ji."

"To 'yata, ba ƙara ce ta yi mata kaɗan ba. Komai daga rami ɗaya yake fito mata, ba ta san wa ke dama wa ke hagu ba. Bari in zo in ga ɗakin."

Washegari da hantsi ya je. Ya tsaya a tsakiyar falo ya tafa hannu, ya ji yadda bango ke maido da amo, ya sa aka fito da wani tsohon kafet daga sito aka shimfiɗa, aka rataya labule mai kauri. Ya tambayi wace ce kujerar Hajiya. Ya zauna a kanta, ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya daɗe a haka. Ƙananan lasifika biyar ya zaɓa da babba mai gurnani guda ɗaya. Ta tsakiya, wadda muryar mutane ke fitowa daga cikinta, ita ya ce lallai ta zama mafi kyau, sauran ko matsakaita ne sun isa. Biyun baya sau uku yana sauya musu wuri. Wayoyin duka ya bi da su jikin bango ya danne, don kada ƙafar da ba ta da ido ta harɗe. A rimot kuma ya ɗiga gam a kan maɓallan da za ta buƙata, yadda yatsa zai gane su.

Aka gama, aka je kiran Hajiya, ta ce ba ta zuwa. Nas ɗin ta dawo jiki a sanyaye. Sai shi ya je ya tsaya a bakin ƙofar ya yi sallama.

"Hajiya, taimako na zo nema. Kunnena ya tsufa, yaran nan kuma ba su san sauti ba. Ki zo ki gaya mini ko aikina ya yi."

"Ba kai ne aka ce ana kira Kunnen Zomo ba?"

"Ni ne. Ai zomon ma yana tsufa."

Ta yi ɗan murmushi, ta ce a kama mata hannu. Aka zaunar da ita, aka saka fim. Ba a jima ba ruwan sama ya soma sauka a cikin fim ɗin, daga bayanta, ya ratso ta gefe. Ta yi firgigit ta juya. "Kai, ku kwashe shanya!" Jikoki suka fashe da dariya. Da ta gane, ita ma ta dara, sa'annan ta miƙa wuya tana saurare. Can sai ta ɗaga yatsa. "Matar nan ƙarya take yi, na ji a muryarta. Ga wani can kuma ya laɓe a bayan ƙofa ta hagu." Kowa ya duba, ga shi kuwa a laɓe. Nas ɗin ta tashi ta shige kicin, sai da ta wanke fuska ta fito.

Yana haɗa kayansa zai tafi Hajiya ta ce, "Injiniya, ta bayan nan ta dama ta ɗan yi ƙasa." Ya koma ya saurara. Gaskiyarta ce. Ya gyara, ya ce, "Kin ga? Da ma na ce taimako na zo nema." Tun daga ranar kujerar nan ba ta ƙara zama babu kowa ba.

Baba Injiniya, kai ne kake tambayar wa zai zauna kafin ka tambayi me za a saya. Kai ne ka durƙusa da gwiwoyi masu ciwo kana danne waya saboda tsohuwar da ba ka haɗa komai da ita ba. Ka san yadda ake taimakon mutum ba tare da an sa shi sunkuyar da kai ba, wannan kuwa ba a koyar da shi a ko'ina.

Ƙarshen watan nan Baba Injiniya zai rufe shago. Likita ya hana shi hawa tsani, gwiwoyin sun ce sun gaji. Mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da lafiya, Ya sa hutu mai daɗi ne. Masu sana'a kuma, kowace iri ce, ga abin koyi: kafin ka miƙa wa mutum kaya, ka zauna a kujerarsa tukuna.

Da aka gaya masa za a rubuta wannan, ya girgiza kai ya ce, "Waya kawai na ja. In ya zama dole, ku dai rage ƙara."

Mun ji, Baba. Amma yau kam ka yi haƙuri, mun ƙure ta.