Keken Baba Ya Yi Nauyi

Shekarun baya, lokacin na gama firamare ina zaman jiran sakamako, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Unguwar ba ta cika ba a lokacin. In ka bar layinmu ka nufi Tarauni, gonakin dawa za ka ratsa da kududdufai. Ba a daɗe da komawa tuƙi a hannun dama ba, abin da mahaifina ya riƙa cewa an yi ne musamman don a rikita masa keke.

Sana'arsa kai burodi. Ana idar da sallar asuba zai je gidan burodi, ya cika akwatin katakon da ya ɗaure a kariyar bayan kekensa, ya bi masu shayi da masu tireda daga unguwarmu zuwa Tarauni, ya miƙe Daurawa, wata rana har Hotoro. Da wannan keke muke ci, da shi muke sha. Baƙi ne, mai ƙarfe biyu a sama. Mahaifiyata ta ce ya girme ni, ni kuma na gaya wa abokaina ya girmi badala. Mahaifina dogo ne, don haka ya ɗaga sirdin sama sosai, har nakan ce in ya hau yana gaisawa da shirwa. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai". Amma keken, kullum da yamma sai an goge shi da tsumma, ana yi ana masa magana ƙasa-ƙasa.

A bakin titinmu akwai wani mai gyaran keke a gindin darbejiya. Nan mahaifina da abokansa suke zama bayan la'asar, kuma hirarsu ba ta wuce keke. Ni ma ba na wuce wurin, saboda nan nake samo abin da zan ƙara wa gishiri in kai wa abokaina.

Babban abokin gardamarsa wani masinjan ofis ne mai keke mai giya uku.

"Malam, ka shigo zamani," in ji masinjan. "In na zo hawa, ɗan yatsa kawai nake taɓawa."

"Giya ta malalata ce," in ji mahaifina. "Duk alfaharin nan naka a kan 'yar waya yake, siririya kamar zaren ɗinki. Ranar da ta tsinke a hanyar Hotoro, ka aiko a kira ni in goyo ka."

"Kai da gwiwarka za ta tsinke fa?"

"Gwiwata ba a kanti aka sayo ta ba."

Abin alfaharinsa shi ne firiwil, wato ɗan faifan nan mai haƙora na tayar baya da sarƙa take hawa. Nasa ƙarami ne. Ƙarami yana da taurin takawa amma yana gudu, babba kuwa laushi gare shi, sai dai ka yi ta juya ƙafa ba ka zuwa ko'ina. Mahaifina yana kiran babban "na masu zuwa duba mara lafiya".

Bayan damina ta ɗauke, wata rana ya iso gindin bishiyar yana tura keken, ya jingine shi, ya zauna. Ya dubi mai gyara.

"Malam, duba min abin nan. Ya yi nauyi."

Mai gyara ya kifa keken, ya juya feda, ya kasa kunne. Ya dubi mahaifina, ya sake duban keken. Sai ya ce boris ne, 'yan ƙwallayen ƙarfen cikin taya, suka ci. Ya zuba sababbi, ya cika giris. Ba a yi nisa ba mahaifina ya dawo, wai har yanzu. Aka ce sarƙa ce, aka sauya ta. Majalisa ta ɗauki zancen: kayan yanzu ba su da ƙwari, ƙarfen yanzu gwangwani ne, sarƙar da ake yi da can sai jika ya gada. Daga nan sai mai gyara ya ce ƙaramin firiwil ɗin ma ya cinye, kuma irinsa ya yanke a kasuwa, sai babba. Shi aka sa masa.

Na gyara zama, ina jiran masinja ya rama gorin shekaru. Sai na ji ya ce, "Gaskiya ne. Ni ma na zaga Sabon Gari neman irinsa, babu." Na ji haushi ƙwarai, an hana ni kallo.

Amma na samu abin yi. Na gaya wa wani abokina keken Baba ya haɗiyi jaki. Na ce jiya tururuwa ta wuce shi a hanyar Tarauni har ta waiwayo ta yi masa sannu. Na ce burodin da ya ɗauka da safe kafin ya isa Daurawa ya yi furfura. Da na kawo wannan gida, ƙannena suka yi ta birgima a tabarma. Mahaifiyata tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mahaifina ya kwanta barci, abin da ban saba gani ba. Keken yana zaure, an sauke akwatin. Abokina ya ce ƙarya nake, ba keken da ya kai nauyin da nake faɗa. Na ce ya tsaya ya gani. Na lallaɓa na fito da shi, na taka wani dutse na haye. Da kyar yatsun ƙafata suke taɓa feda.

Taku ɗaya na yi, keken ya tafi kamar an hankaɗa shi. Ba ƙara, ba gurnani, sai ɗan sautin sarƙa mai daɗi. Na bar abokina a tsaye baki buɗe. Na ratsa gonaki, na haye ɗan tudun nan na kusa da kududdufin Tarauni, inda kwanan nan mahaifina yake sauka ya tura, ban ma san na hau shi ba. Ban taɓa hawa abu mai sauƙi irin wannan ba, kuma wannan karon ba ƙari a maganata.

Kai tsaye na wuce gindin darbejiya, ina murna na kama ɓarawo.

"Malam, ashe cutar Baba kake yi! Keken nan lafiyarsa ƙalau!"

Mai gyara shi kaɗai ne a wurin, yana faci. Ya waiga hagu da dama, ya ce, "Rage murya. Zauna."

Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin benci. Ga tsohuwar sarƙar Baba a jiƙe cikin baƙin mai, ga boris ɗinsa, ga ƙaramin firiwil, haƙoransa ƙalau.

"Na sani," in ji shi. "Duk wanda yake zama a nan ya sani. Kai da bakinka ba ya hutawa, idonka ba ya aiki? Ka taɓa duba ƙafarsa da yamma in ya cire takalmi? Ka taɓa sauraren numfashinsa in ya iso nan?"

Ban taɓa ba. Sai a lokacin na tuna ya daina sa takalminsa mai igiya, ya koma silifa. Na tuna ƙwayoyin da mahaifiyata take ajiyewa a bayan kwanonta.

"An je asibiti," in ji shi. "Zuciya ce. Sun ce ya sauka daga keke."

Na ce, "To shi ya san ba keken ba ne?"

"Mutumin da ya fi ni sanin keken? Ya ce keke ne, mu ma mun ce keke ne. Ranar da magana ta kai gidan burodi cewa ƙirjinsa ne, washegari wani za a ba akwatin. Shi kuma ka san shi. In ya sauka, ba zai daɗe ba." Ya mayar da gwangwanin. "Saura kai. Kai ne mai baki a unguwar nan."

Turo keken na yi har gida, ban iya sake hawa ba. Na tarar da mahaifina zaune a dakalin ƙofar gida. Na tsaya ina jiran dukan da na san na ci. Bai tashi ba. Ya dubi ƙurar da ke taya, ya dube ni.

"Ya ka ji shi?"

Ni da nake shirga ƙarya safe da yamma don a yi dariya, ranar nan sai da na nemo ta da kyar.

"Baba, wannan ai ba keke ba ne, turmi ne aka sa wa taya. Tun daga Tarauni nake turo shi. Wani mai jaki ma ya tausaya min. Wallahi ban san yadda kake yi da shi ba."

Ya daɗe yana kallona. Ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba.

"Na faɗa muku," in ji shi.

"Mutum ɗaya ba zai iya da shi ba, Baba. Ni kuma zaman banza nake yi."

Ya tashi ya shigar da keken zaure. Washegari da asuba na ji an taɓa ƙafata, an ce, "Kai."

Da farko shi yake tuƙi, ni ina binsa a guje, in mun zo yashi ko tudu in dafa akwatin in tura. Duk mai shayin da muka je sai na ba shi labarin mugun keke, ina ƙarawa kullum, har na ce an kai shi ma'aunin gyaɗa ma'aunin ya karye. Suna dariya, mahaifina yana cewa, "Rabu da shi, bakinsa ba linzami," yana samun lokacin mayar da numfashi.

Wata safiya ya fito da sifana. Ya ɗauki ƙusa ya yi zane a ƙarfen sirdin, daidai inda nasa tsayin yake, sannan ya sassauta noti ya sauke shi.

"Hau. Ɗora dunduniya a feda. A'a, kada ƙafar ta miƙe sarai, bar gwiwa ta ɗan lanƙwasa. In ya yi sama ƙugunka zai yi ta rawa, in ya yi ƙasa gwiwa za ta ci wuya." Ya ƙara saukewa kaɗan, ya ɗaure. Hannunsa yana kan bayana, kuma bai ɗauke da wuri ba. "Aro na ba ka. In keken ya warware zan mayar da shi inda yake."

Daga ranar ni nake tuƙi. Mu je gidan burodi tare a gan shi, ya jera da hannunsa, sannan ya jira ni wurin mai shayi na farko. Daga baya ya koma jirana a gindin darbejiya, inda yake ci gaba da zagin giya uku, masinja yana ramawa da ƙarfinsa kamar ba komai. Daga baya sai dakalin ƙofar gida. Daga baya sai ɗaki, in na dawo ya tambaye ni ta taga, "Ya nauyin?" In ce, "Ya ƙaru, Baba." Ya ce, "Kayan yanzu."

Bai ga damina ta gaba ba. Na dawo daga Daurawa da hantsi, akwati ba komai, na hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, masinja yana tsaye ya rufe fuska da hularsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an share makoki mai gyara ya kawo min gwangwanin nan. Ya ce in ina so ya mayar min da ƙaramin firiwil. Na ce ya mayar. Da tauri ƙwarai, amma da shi na ci gaba da kai burodi har ƙannena suka tasa.

Na daɗe ina tunanin mutanen gindin bishiyar nan. Ba mai magani a cikinsu, ba mai dukiya. Abin da suke da shi kawai shi ne su zauna su zagi ƙarfen da ba shi da laifi, don abokinsu ya ci gaba da fita da safe a matsayin mai gida. Ban san hukuncin irin wannan ƙaryar ba, ban kuma taɓa tambayar malamai ba. Na dai san a duk surutun da na yi a rayuwata, shi ne kaɗai ya yi wa wani amfani.

Na yi tsawo daga baya, na kamo mahaifina. Ina girma ina ɗaga sirdin, har ya rage kamar faɗin yatsa zanen ƙusar ya koma daidai inda yake a da. Nan na tsaya. Mai gyara ya yi ta faɗa, wai gwiwata za ta lalace, na ce aro aka ba ni.

Keken yana zaurena har yau, nakan hau shi zuwa masallaci. Gwiwata ta dama kuwa ta lalace kamar yadda aka faɗa. Kwanaki na dawo ina tura shi, na zauna a dakali ina haki. 'Ya'yana maza suka taso, wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce a tafi asibiti. Na ce musu ba komai, keke ne.

Autata tana gefe. Ta kama kan keken ta ɗan jijjiga shi, ta dube ni, ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Ya yi nauyi."