Eriyar da Ta Juya wa Dutse Baya

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo mai gyaran rediyo. Allah Ya jiƙansa.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsu tsakanin Dutse da Kiyawa. A da, in kana son sabis ɗin waya sai ka hau tsamiya, har nakan ce birai sun kai ƙararmu wajen dagaci. Yaya ne ya sauko da mu. Ya kafa dogon ƙarfe a bayan ɗakin Inna, ya ɗaura masa eriya, ya haɗa ta da wani ɗan akwati da ake kira busta. Eriya ta kamo guntun sabis daga nesa, akwati ya ƙara masa ƙarfi ya watsa a gidan. Zaurenmu ya fi kasuwar Shuwarin cika.

Duk damina iska kan karkata eriyar. Shi yakan hau ya gyara, ni ina ƙasa da waya a hannu ina cewa ya kawo ko ya ɗauke, ina tsokanarsa. Ban taɓa ɗaga kai na ga inda yake juya ta ba.

Ranar da jikinsa ya tsananta a asibiti a Dutse, kwana biyu ke nan da guguwa ta karkatar da eriyar. Da hantsi ɗan acaɓa ya kawo saƙo: Yaya yana son jin muryar Inna. Ita kuwa ciwon ƙafa ya hana ta fita ko zaure. Na hau, na saita eriya ta dubi Dutse, tunda can turakun sabis suke. Shiru. Na ɗan matsa dama, na ɗan matsa hagu, har la'asar. Inna tana zaune a ƙasa, waya a kunne, tana ta sallama. Can wani ɗan acaɓan ya iso, ya kashe babur tun daga nesa.

Bayan sadakar bakwai wani abokin sana'arsa ya ɗaga kai ya dubi eriyar ya ce, "Wa ya juya ta? Ai dutse ya tare nan. Sabis ɗin Kiyawa Malam yake kamowa."

Yanzu akwai turken sabis a bakin gari, mutum yana noma yana kallon bidiyo. Da Yaya yana nan, da ya dami ma'aikatan da tambaya sai sun gudu sun bar masa tsaninsu. Ƙarfensa yana nan, ya yi tsatsa, an ɗaura masa igiyar shanya. Mutane suna tuna alherinsa. Ni har yanzu ina ba da dariya a majalisa, sai dai kamar aiki nake yi.

Bara na daure na faɗa wa Inna kuskuren da na yi. Ba ta daina tsince wakenta ba.

"Na gani ai," in ji ta. "Kullum gabas take kallo, wajen Kiyawa. Na ɗauka ka fi ni sani."

Na zauna na taya ta tsintar waken.